Tambaya da Amsa: Kyawun Hoto Ko Santsin Motsi a Wasan Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da laftof mai katin hoto GTX 1650 da RAM gigabait 8, allonta kuma 60Hz ne. Idan na ɗaga saitin hoto zuwa ƙololuwa, GTA V da wasan ƙwallo suna yin kyau ƙwarai, amma sai wasan ya riƙa cijewa, musamman idan na jima ina bugawa. Abokaina sun ce in sauke komai ƙasa don in samu FPS mai yawa. Wanne ya fi? Daga wani ɗalibi a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai sun zarce, domin abin da ya kamata ka nema shi ne adadin da zai tsaya daram, ba adadi mafi yawa ba. FPS yana nufin yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa a daƙiƙa guda, kuma allo mai 60Hz ba ya iya nuna fiye da 60, saboda haka idan ka lalata kyawun wasanka don ka kai 120, rabinsu kawai allon zai nuna maka, ribar kawai ita ce ɗan saurin amsa umarni wanda masu gasar harbi ke kula da shi. Abin da ke damun ido shi ne hawa da sauka. A kan 60, kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 17, a kan 30 kuwa 33, don haka wasan da ke tsalle tsakanin 70 da 35 ya fi gajiyar da mutum fiye da wanda ya zauna a kan 45 bai motsa ba. Ka kulle wasan a kan 60 ta hanyar V-Sync, wato saitin da ke daidaita FPS da saurin allo, ko manhajar Nvidia, kamfanin da ya ƙera katin hotonka, sannan ka daidaita sauran saitin har adadin ya daina faɗuwa.

Saituka ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke asara. Inuwa, hazo da hayaƙi, hasken da ke dawowa daga ruwa ko gilashi, da nisan abin da ake zanawa, su ne ke cinye ƙarfin katin, alhali bambancin da ke tsakanin matakin ƙarshe da wanda ke bi masa da kyar ake ganinsa idan ana cikin gudu. A GTA V, saitin ciyawa da MSAA, mai gyara kaushin gefen abubuwa, sun yi suna wajen nauyi, da su za ka fara. Ingancin fatar abubuwa, wato zanen jikin bango da tufafi da titi, ya fi dogara da ma'ajiyar katin, taka kuwa gigabait 4 ce, kuma wasan da kansa yana nuna maka nawa ka cinye a shafin saiti. Muddin ba ka ƙetare wannan iyaka ba, ka bar shi a sama, domin shi ne ke riƙe da mafi yawan kyawun da kake so.

Rage girman hoto ya zama mataki na ƙarshe. 1080p yana da ɗigo sama da miliyan 2, 720p bai kai miliyan 1 ba, shi ya sa yake sauƙaƙa aiki sosai amma hoton ya dushe. A wasannin da ke da FSR, fasahar da kamfanin AMD ya fitar a 2021 mai zana hoto ƙarami sannan ta ƙara girmansa, ka gwada ta tukuna, tunda tana aiki a katinka. DLSS, irin wannan fasaha ta Nvidia, kam sai katin RTX, naka kuwa GTX ne.

Maganar da ka yi cewa cijewar tana zuwa bayan ka jima ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin alamar zafi ce. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko katin hoto ya yi zafi fiye da kima, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, kuma zafin Abuja na watan Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, ba su da sauƙi ga laftof. Kada ka ɗora ta a kan katifa, ka ɗaga bayanta iska ta shiga, ka kuma kai ta wurin ƙwararren mai gyara ya share fankar. Manhajar MSI Afterburner za ta nuna maka zafi da FPS a gefen allo kana cikin wasa. Ka tuna kuma cewa idan aka ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, ƙarfinta yana raguwa sosai, don haka gwajin saiti sai caja tana jone.

Idan ka sauke saiti amma adadin bai ƙaru ba, to matsalar ba ta katin hoto ba ce, ta furosesa ce ko RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Laftof da yawa masu gigabait 8 sandar RAM ɗaya gare su, kuma ƙara ta biyu irinta, idan akwai gurbi, yakan rage cijewa.