Amsa kan canza bawul ɗin PCV a Highlander Hybrid mai shan baƙin mai

Malam, ka ce motarka ta ci hanya sosai, ta fara shan baƙin mai, kana tambaya ko bawul ɗin PCV ne. Daga nan ya kamata ka fara, don shi ne mafi arha. Aikinsa fitar da tururin da ke taruwa cikin injin. Idan ya toshe, matsin yakan tura mai ta gaskit, ka ga gefen murfin saman injin yana naso. Injin hybrid kuwa yana yawan tashi yana mutuwa, bai cika yin zafi sosai a gajeriyar tafiya ba, sai dauɗa ta taru.

Ka kashe motar gaba ɗaya, ka tabbata fitilar READY da ke gaban direba ba ta kunne, don injin yana iya tashi da kansa hannunka na ciki. Wayoyi masu launin lemo kada ka taɓa su.

Ka bari injin ya huce, ka zare tiyon da ke haɗe da bawul ɗin a hankali. Tsohon tiyo yakan ƙeƙashe ya tsage, gara ka sayo sabo tare da bawul na Toyota. Girgiza tsohon bawul ɗin: in ba ka ji ƙacau-ƙacau ba, ya cushe. In shan man bai ragu ba bayan ka canza bawul ɗin, bakanike ya duba zoben fistin.