Amsa ga mai tambaya kan harbin faifan yumɓu: ina kuɗin suke tafiya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana zaune a Ingila, abokan aiki sun kai ka filin harbin faifan yumɓu sau biyu, abin ya shiga ranka, yanzu kana son sanin nawa za ka tanada da kuma bindigar da za ka saya, tunda ka ga ta fam 2,000 ka kuma ga ta fam 15,000.

Ka fara ɗauke ido daga kan bindigar. Harkar nan kamar kiwon doki ce: sayensa sau ɗaya ne, harawa da dusa ne ke karya mutum. Harsashi yana zuwa 25 a ƙaramin kwali, 250 a babba, kuma ya fi araha idan ka sayi dubu a tashi ɗaya. A 'yan shekarun nan kowane ɗaya yana kamawa wajen kwabo 30 na fam, faifan da injin zai cilla maka kuma wajen kwabo 40, gwargwadon filin. Mai harba ɗari a mako, wanda ba wani yawa ba ne, ya ƙone fam 70 ke nan, a shekara sama da fam 3,500, ban da man mota, kuɗin zama mamba da na shiga gasa. Wato kafin shekara ta zagayo, abin da ya bi iska ya fi kuɗin sabuwar Beretta 686 Silver Pigeon ko Browning B525, waɗanda su ne akasari ake farawa da su.

Kafin ka kai ga saye ma, akwai takarda. Dokar makamai ta 1968 ta yarda ka yi harbi da bindigar aro a filin da 'yan sanda suka amince da shi ba tare da lasisi ba, don haka kada ka yi gaggawa. Lasisin yana aiki shekara biyar, ana neman bayanin likitanka, kuma jami'i zai zo gida ya duba akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango da kusoshi. Idan gidan haya kake, ka tambayi mai gidan tun yanzu, don a nan mutane da yawa suke maƙalewa.

Inda ya kamata kuɗin farko su tafi shi ne wurin mai koyarwa da kuma daidaita bindiga da jikinka. Wannan bindigar ba a saita ta kamar ta soja. Idonka yana kan faifai ne, ita kuma sai ta nuna inda kake kallo da kanta, kuma ba za ta yi haka ba sai kotarta ta zauna daidai a kafaɗa da kunci. Abu uku ake aunawa: tsawo daga kunama zuwa ƙarshen kota, wanda ga matsakaicin namiji yake wajen santimita 37, saukar wurin ɗora kunci, sai karkatar kotar zuwa dama ko hagu. Idan ta yi gajarta, babban yatsanka zai riƙa bugun hancinka. Idan ta yi tsawo, za ta riƙa kama rigarka a hammata lokacin ɗagawa. Idan wurin kuncin ya yi ƙasa, ƙarfen bindigar zai tare idon dama, na hagu ya karɓi aiki, kana ta harbi gefe ba ka san dalili ba. Ana gwadawa ne a jikin allon ƙarfe daga yadi 16: ka ɗaga ka harba sau biyar ba tare da dogon saiti ba, duk inci ɗaya da tsakiyar harbin ya kauce yana nufin a gyara kotar da kashi ɗaya cikin 16 na inci. Sannan a duba wane ido ne ya fi ƙarfi. Badame mai ƙarfin idon hagu zai iya ƙone harsashi dubu a banza, alhali ɗan ɗigon salatef a gilashin tabarau ya isa ya magance matsalar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne harbi a bayan faifai. Faifan faɗinsa milimita 110 ne, nauyinsa wajen giram 105, kuma idan yana gittawa a nisan mita 30, ƙananan ƙwayoyin dalmar da harsashin ke watsawa suna ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin su isa, shi kuma ya riga ya matsa kusan mita biyu. Sabon shiga yakan waiwayi bakin bindiga don ya tabbatar, hannu ya tsaya cak, faifai ya wuce. Babu bindiga mai tsada irin Perazzi ko Krieghoff da za ta gyara wannan. Waɗancan ana biyan kuɗinsu ne don suna jure harbi dubu ɗaruruwa, kuma kunamarsu ba ta canza hali, abin da ɗan gasar Olamfik ke bukata. Su Purdey na Landan, da suke sana'ar tun 1814, wannan kuma kayan gado ne da ado, ba na koyo ba.

Batun matsin bakin bututu, wanda ake kira cok, wato ɗan guntun ƙarfe da ake murɗawa a bakin bututun, mutane suna ɓata kuɗi a kansa fiye da kima. Ma'auninsa shi ne yawan ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga yadi 40: buɗaɗɗen baki kusan kashi 40 cikin ɗari, kwata wajen 55, rabi 60, cikakken matsi 70. Bindigar bututu biyu gare ta: ka sa kwata a bututun ƙasa, rabi a na sama, ka manta da su har shekara. Amma duk bayan fita ka kwance su ka goge ka shafa ɗan giris a zaren, in ba haka ba tsatsa ta riƙe su sai maƙerin bindiga. Wanda ya yi sako-sako kuma hayaƙi yana shiga ƙarƙashinsa ya kumbura bakin bututun.

Harsashi kuwa, ɗauki mai nauyin ƙwaya giram 21 ko 24, girman ƙwayar lamba 7.5 ko 8. A Olamfik ma giram 24 ne iyaka. Mai giram 28 ya fi tsada, ya fi dukan kafaɗa, kuma shi ke koya wa mutum zabura kafin ya ja kunama, ciwon da cire shi ya fi shigarsa wuya. Ka tambayi filin ko suna karɓar mai toshiyar roba, wato abin da ke raba ƙwayoyi da albarushi a cikin harsashin, don da yawa sai mai toshiyar zare, saboda dabbobin da ke kiwo a wurin. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2025 cewa za ta hana harsashin dalma nan da 'yan shekaru, saboda haka idan za ka sayi ta hannu, ka nemi mai hatimin gwajin ƙwayar ƙarfe, mai kama da fure mai kunne uku, kuma kada ka harba ƙarfe ta matsin da ya wuce rabi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa ɗakin harsashinsu milimita 65 ne. Harsashi mai 70 zai shiga ya rufe lafiya, amma matsin da zai haifar ya wuce abin da aka gwada su a kai.

Abin da ke fasa bindiga a hannun mutum sananne ne. Harsashin lamba 20, wanda ya fi siriri, idan ya shiga bindigar lamba 12 mai faɗin bututu, yana zamewa ya maƙale a cikin bututu, mutum ya ga wurin fayau ya ƙara wani a baya. Kada ka taɓa haɗa iri biyu a aljihu ɗaya. Idan ka ji ƙarar harbi ta fito a raunane, ka buɗe ka leƙa bututun, wataƙila toshiyar ta tsaya a ciki. Idan ka ja bai tashi ba, baki na kallon fili, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Ban da lokacin da kake tsaye a wurin harbi, bindiga a karye take, wato a buɗe a mahaɗa, babu komai a ciki.

Kada ka yi rowa a kan kunne da ido. Ƙarar tana kaiwa wajen desibel 150, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, don haka toshiyar kunne a ciki, marufin kunne a sama. Tabarau dole ne, ɓaraguzan faifai suna saukowa da kaifi.

A ajiya, ka jingine ta baki ƙasa na kwana ɗaya bayan shafa mai, don man da ya gangara cikin katakon kota yana sa shi laushi har ya tsage a wuya. In ta jiƙe da ruwan sama, kada ta kwana a jakarta.

Idan fam 3,000 ke hannunka, ka yi darasi biyar ko shida da bindigar filin tukuna, ka sayi Beretta, Browning ko Miroku ta hannu mai bututu inci 30 bayan maƙeri ya duba cewa ba ta girgiza a mahaɗa, ka biya a daidaita maka kotar, ragowar ka zuba a harsashi.