Ni da Baba mun samu saɓani a kan zaɓe, wai mu matasa muna da tasiri kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne shekarata 24, a Kurna nake a Kano. Tun da na taso gidanmu duk wanda Baba ya ce shi ake dangwala wa, har su Umma da yayyena, to ni wallahi na gaji, tun da aka cire tallafin mai kuɗin adaidaita zuwa makaranta ma nema yake ya gagare ni, shi ne na ce masa 2027 zaɓin raina zan yi, sai ya ce wai waya ce ta lalata mu, 'yan TikTok ba abin da muka iya sai zagin manya. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Don Allah mu matasa za mu iya canza sakamakon zaɓe, ko dai Baba ne da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, in Baba ya haura 65 ka samu ranar da yake cikin nishaɗi ka tambaye shi wa ya zaɓa a 1979, kuma me kakanka ya ce a lokacin. Zai yi wuya ka tashi ba ka sha labari ba. Ai rigimar nan tsohuwa ce a Kano, waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 samari ne, kuma marasa kunya ake ce musu don sun ɗaga wa sarakuna murya, sun sha ɗauri sun sha bulala a hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna a lokacin. Abubakar Rimi ma da ya hau gwamnan Kano a jam'iyyar PRP a 1979 bai cika 40 ba, ya zo ya soke haraji da jangali. Su ne dattawan da ake ba ku misali da su yau.

To amma Baba ma bai faɗi ƙasa ba gaba ɗaya. A zaɓen 2023 INEC ta yi wa mutum sama da miliyan 93 rajista, wajen miliyan 37 a ciki 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kusan kashi 40 cikin ɗari kenan. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuwa, babba da yaro, ba su cika miliyan 25 ba, kuma Tinubu da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 700 da 'yan kai ya ci. Yi lissafin da kanka, ko kashi ɗaya cikin huɗu na matasan nan da sun fito sun haɗu a kan mutum ɗaya sun wuce wannan adadin. Ina suka shiga? Ni dai a akwatin unguwarmu tun bayan asuba tsofaffi da mata da goyo suka ja layi, samarin da suka cika mana Facebook da cika baki kuwa wasu suna majalisa suna shan shayi, wani ma katin nasa yana ofishin INEC bai je ya karɓa ba.

Sannan kalmar nan "mu matasa" tana ɗan yaudararku. Matashin Legas Peter Obi ya bi har ya kayar da Tinubu a jiharsa, na Kano kuwa jar hula ya sa ya ba Kwankwaso ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, wani kuma taliya da 'yan dubbai ne suka yanke masa hukunci ranar zaɓe. Kowanne ya yi tasiri a inda yake, amma ba alƙibla ɗaya suka kalla ba.

Inda ake cin ku da yaƙi shi ne tun wajen fidda gwani. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha zuwa 25, shugaban ƙasa zuwa 35, amma fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC a 2022 naira miliyan 100 ne, wane ɗan 35 ne ya ajiye su? Ga daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, da su aka ƙulla komai a 2022, ku sai dai aka kawo muku wanda aka riga aka tsayar. In da gaske kake ka yanki katin jam'iyyar da ta kwanta maka a mazaɓarku, ka riƙa zuwa mitin ko da ba a raba komai.

Maganar Baba kuwa, ka daina yi masa musu a gaban su Umma, wannan ne ya fi ƙona masa rai ba wai ɗan takarar ba. Gobe da safe ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, ba sai ka ce ka canza ra'ayi ba, ranar zaɓe ai kai kaɗai za ka shiga wajen dangwale. Af, ban ma tambaye ka ba, kai kana da katin zaɓen kuwa?