Tiren shawa ya tsage bayan an girka: wa zai ɗauki asarar?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan banɗaki a Ƙofar Ruwa, Kano, ya aiko da tambaya. Ya sayar wa wani ɗan kwangila tiren shawa guda 12, wato faifan da ake tsayawa a kai a yi wanka, irin wanda ake yi da garin dutse da rezin (wani danƙon roba mai daskarewa), don gyaran banɗakunan wani masauki. Bayan an girka, biyu ruwa yana kwanciya a cikinsu, ɗaya ya tsage, ɗaya gefensa ya ɓantare. Ɗan kwangilar ya riƙe cikon kuɗi, ya ce sai an canza huɗun. Dilan Legas da aka saro kayan a wajensa kuma ya ce abin da aka riga aka girka ba ya komawa. Shi ne ɗan kasuwar yake tambaya: ya biya, ko ya tsaya kan bakansa?

Alhaji, kada ka amsa ta waya. Ka ɗauki mai aikin famfon da ka yarda da shi, da ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ku je ku gani da ido. Matsala huɗu aka kawo maka a dunƙule, alhali kowace da mai ita.

Irin wannan tire garin dutse ne, kamar na mabul ko farar ƙasa, ake kwaɓawa da rezin a zuba a mazubi, sannan a lulluɓe samansa da wani siririn shafi mai santsi. Yana da nauyi, babba yakan kai kilo 40 ko fiye, shi ya sa mutane ke ɗauka ba ya fashewa. Amma ba ya jure lanƙwasa. Masu ƙera shi sukan ce a shimfiɗa kwaɓaɓɓen siminti da yashi a ƙarƙashinsa gaba ɗaya, ya zauna daram. Masu aikinmu da yawa kuwa bulo huɗu suke sawa a kusurwa, ko su ɗiga siminti nan da can, tsakiya ya zauna a kan iska. Mutum ya taka sau ɗari, sai ya tsage. Don haka ka ƙwanƙwasa wanda ya tsagen da bayan yatsa. In ka ji sautin rami, aikin mai girkawa ne. Haka ma in tsagewar daga bakin magudanar ruwa ta taso, sau da yawa ɗaure ta aka yi da ƙarfin tsiya.

Masu kwanciyar ruwan su ne abin dubawa da kyau. Gangarar da ke kai ruwa magudana tun daga masana'anta ake yin ta a jikin tiren, aikin mai girkawa kawai ya daidaita gefuna. Ka ɗora ma'auni a kan gefe huɗun. In sun karkace, laifin girki ne. In sun daidaita amma ruwa yana tsayawa, to tiren ne ya bauɗe, kuma wannan naka ne. Kafin ka ɗora wa masana'anta, ka tambayi yaran sitonka yadda suka ajiye shi, domin tiren da aka jingine a karkace wata da watanni cikin zafin kwano, an jibga masa kaya, yana iya bauɗewa. Ɓantarewar gefe kuwa, tsakanin tirela, 'yan dako da gudumar mai tayil, da wuya a gane mai laifi. Akan cike irin wannan a goge, ba sai an cire ba, ku raba kuɗin gyaran ku wuce wajen.

Abin da ya tabbata naka ne, ka ɗauka ba tare da jan rai ba. Ko a fiƙihu, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba, kuma dokar kare masu saye ta 2018 wadda hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ke aiki da ita ta ba shi damar neman canji ko kuɗinsa. Ban da haka ma, ɗan kwangilar da ke ɗaukar 12 a lokaci guda ya fi ƙarfin ka rasa shi kan tire biyu. Sai dai ka kula da kalmar "canzawa". Kuɗin tiren shi ne ƙaramin abu. Cire shi yana nufin fasa layin tayil na ƙasa, sabon siminti, ladan ma'aikata, wataƙila da kwanakin da ɗakin zai yi a rufe. Ka ce ka ɗauki sabon tire, shi ya ɗauki aikin, tunda mutanensa ne suka girka ba su gwada da bokitin ruwa ba. Sharaɗinka kuma ya sakar maka kuɗin takwas ɗin da ba su da matsala yanzu, ba sai an gama gyara ba.

Shi kuma dilan Legas, ba ƙarya ya yi ba, galibin masana'antu suna cewa a duba kafin a girka. Kada ka nemi kuɗi a hannu, ba zai bayar ba. Ka tura masa bidiyon ma'auni a kan tiren da ruwan da ya kwanta, ka nemi ya rage maka a odar gaba. Ka kuma tambaye shi takardar SONCAP ta kayan, wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su Najeriya, da ko an rubuta EN 14527 a kwalin, wato ƙa'idar ingancin tiren shawa ta Turai. Yadda zai amsa zai nuna maka ko ya san masana'antar da yake sarowa, ko dai abin da ya fi araha a garin Foshan na ƙasar China yake lodawa.

Ban ga dalilin daina sayar da shi ba, masu otal da gidajen haya na zamani suna nema. Abin da zan canza shi ne ranar miƙa kaya: a buɗe kowane kwali a gaban mai saye, a ɗora ma'auni, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, ya sa hannu a rasit cewa ya karɓa lafiya, da layi ɗaya da ke cewa za a zaunar da shi a kan cikakkiyar shimfiɗar siminti. Sauran da ke sitonka kuma ka fito da su gobe ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bauɗe ka ware shi gefe, ka haɗa hotonsa cikin abin da za ka tura Legas.