Kebul ko faiba? Amsoshin tambayoyinku kan wayoyin haɗa kwamfutoci

Tambaya: Ina gyaran ofis mai ɗakuna shida, zan bi da wayar intanet ta cikin bango. Mai sayarwa ya ce in sayi Cat8 tunda ita ce sabuwa. In saya?

Malam, bar kuɗinka a aljihu. Lambar da ke bin Cat ajin wayar take nunawa. An yi Cat8 ne domin manyan ɗakunan ajiyar bayanai, inda na'urori ke jere kafaɗa da kafaɗa. Tana ɗaukar gigabit 25 ko 40 a daƙiƙa, amma cikin mita 30 kacal, kuma na tabbata babu kwamfuta ko ɗaya a ofishinka da ke da ƙofar karɓar irin wannan gudu.

Zaɓinka na tsakanin uku ne. Cat5e tana kai gigabit 1 har tsawon mita 100, kuma ta isa aikin yau da kullum. Cat6 ma haka take, sai dai tana iya kai gigabit 10 idan tsawon bai haura kusan mita 55 ba. Cat6A ce ke kai gigabit 10 har mita 100 cif, amma kauri gare ta da taurin kai, sai an sha fama wajen lanƙwasa ta a cikin bututu. Da ni ne, Cat6 zan ɗauka. Wayar da aka binne a bango ba a sauya ta kamar riga, fasa bangon da ladan ma'aikaci sun fi wayar ciwo, don haka a ɗan ƙara kaɗan tun yanzu.

Mita 100 ɗin nan kuwa, a ƙa'ida 90 ne na cikin bango, 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a ɓangarorin biyu. Ka auna da tef, ka lissafa hawa da sauka da kwana-kwana. Awon ido yana yaudara.

Tambaya: Na sa kyamarorin tsaro masu shan wuta ta wayar intanet. Da rana lafiya lau, da dare sai na nesa su riƙa ɗaukewa. An ce mini kyamarorin ne jabu.

Hajiya, kafin ki zargi kyamara, a duba wayar tukuna. A sa wanda ya yi aikin ya yanko guntu, ya fere ledar. Za ki ga ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. A ɗauki ɗaya a kankare ta da wuƙa. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. In kuwa fari ya leƙo daga ƙarƙashin jan, to alminiyam ne aka yi wa shafe, irin wadda ake rubuta wa CCA a jikin kwali, in ma an yi gaskiyar rubutawa. Kwalinta ma ya fi sauƙi a hannu.

Alminiyam bai kai jan ƙarfe iya wuce da lantarki ba, kusan kashi 61 cikin ɗari yake yi. Tsarin ba da wuta ta waya da aka fitar a 2003 wat 15.4 yake turawa, na 2009 kuma wat 30, kuma duk an gina lissafinsu a kan jan ƙarfe. Da dare kyamara tana kunna fitilunta na ganin duhu, buƙatarta ta wuta ta ƙaru, wayar alminiyam mai tsawo ta kasa isar da ita, sai kyamara ta mutu ta sake tashi. Shi ya sa na nesa suka fi shan wahala. Gwajin mai sauƙi ne: a ciro kyamara ɗaya a jona ta kusa da suwic, wato na'urar da duk wayoyin ke haɗuwa a jikinta, da gajeriyar waya mai kyau, a kwana a gani.

Ni ma an taɓa yi mini wannan sakiyar. Kwali guda na saya, rubutun jikinsa ba laifi, sai da aka gama rufe silin muka gane. Tun daga ranar ba na sayen waya ba tare da na kankare ta ba.

Tambaya: Muna da gini biyu, tsakaninsu mita 180. Wani ya ce mu ja kebul mu sa suwic a tsakiya, wani ya ce faiba. Wanne ya fi?

Faiba, ɗan'uwa, kuma ko da tazarar mita 60 ce haka zan ce. Tsawon ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Wayar ƙarfe da ta fita daga gini ta shiga wani hanya ce ga tsawa. Ba sai aradu ta faɗo a kanta ba, ta sauka a kusa ma ya isa ta turo lantarki cikin wayar ya ƙone suwic a duk ɓangarorin biyu. Faiba kuwa zaren gilashi ne, haske yake ɗauka, babu abin da lantarki zai bi. Ga kuma suwic ɗin tsakiyar da sai an nema masa wuta da mafaka daga ruwa da rana.

Faiba iri biyu ce: mai hanya ɗaya da mai hanyoyi da yawa. Zaren kansa, ba tare da leda ba, kaurinsa maikiron 125 ne, kusan silin gashi. A tsakiyarsa akwai hanyar da hasken ke bi. A mai hanya ɗaya faɗinta kusan maikiron 9 ne, gajerun wayoyinta galibi rawaya ne, kuma da na'urar da ta dace tana kai gigabit 10 har kilomita 10. A mai hanyoyi da yawa faɗin maikiron 50 ne, ajinta da ake kira OM3 tana kai gigabit 10 zuwa mita 300, OM4 zuwa 400. Duka biyun za su yi maka, amma ni mai hanya ɗaya nake zaɓa, domin ran da ka so ƙarin gudu 'yan na'urorin bakin kawai za ka sauya, zaren yana nan.

Wani abin mamaki, a 1966 ne Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye hasken, ba gilashin ba. Kamfanin Corning ya samar da zaren da ya tabbatar da hakan a 1970, Kao ya sami kyautar Nobel a 2009. To har yau datti ne babban abokin gabar faiba, sai dai yanzu ya koma bakin jona. Ƙura ƙwaya ɗaya a kan hanyar maikiron 9 ta isa ta rage hasken, don haka kada a cire murfin baki sai lokacin sakawa.

In za ka saya, nemi wadda aka yi don waje, mai zare huɗu ko fiye ko da biyu kake buƙata, saboda ranar da ɗaya zai karye. 'Yan na'urorin SFP, wato na bakin zaren masu mayar da lantarki haske, na ɓangarorin biyu su dace da juna da kuma irin zaren. Kada a naɗe ta naɗin igiya ko a matse ta a kwana. Kuma kada kowa ya leƙa bakin zaren don ya ga ko akwai haske. Hasken da ke bin zaren ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi wa ido lahani.

Tambaya: 'Yar wayar faiba da ke shiga na'urar intanet ta gidana ta karye. Bakinta kore ne, wadda na samu shuɗiya ce, kuma ta shiga daidai.

Cire ta, ƙanena. Shiga daban, dacewa daban. Bakin kore an goge shi a karkace ne da digiri 8, shuɗin kuwa a miƙe yake. In ka haɗa su fuskokin ba sa zama a kan juna, haske ya zube, har ma su kan karce juna. Nemi kore irin wanda ya karye, ka duba bakin ɗaya gefen ma kafin ka biya, domin akwai masu kore a nan shuɗi a can.