Mota Ta Daɗe a Ajiye Ta Ƙi Tashi: Saurari Kukanta Kafin Ka Kashe Kuɗi

Assalamu alaikum. Wannan fili na waya da kwamfuta ne, amma a makonnin nan saƙonni huɗu suka shigo a kan abu guda: mota ta daɗe a ajiye, an zo tayarwa ta ƙi, ko kuma ana shirin ajiye ta. Ban yi mamaki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, magidanta da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Argungu suka jingine mota suka koma kan babur. Motar zamani kuwa akwai kwamfuta a cikinta, ita ce bakanikai ke kira birenbos, don haka maganar ba ta fita daga hurumina ba.

Tambaya: Malam, Toyota Corolla ce ƙirar 2008, wata takwas ke nan tana ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gidana. Jiya na murɗa makulli, fitilun dashbod suka kawo dishi-dishi, sai ƙas-ƙas-ƙas da sauri, injin bai juya ba. Wani maƙwabcina ya ce kik ne ya mutu, in nemi sabo. In saya? Daga malamin makaranta a Jega.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan ƙas-ƙas ɗin da ka ji alama ce ta cewa kik, wato na'urar da ke juya inji a tayar da shi, na da rai, wutar da za ta juya shi ce ba ta kai ba. Yana kamawa, wutar ta faɗi, ya saki, ya sake kamawa. Batir ne abin zargi na farko, kuma a irin wannan yanayi kusan kullum shi ne.

Mutane na ɗauka in an kashe mota komai ya kwanta. Agogo yana ci, ƙararrawar ɓarayi tana ci, birenbos yana riƙe da ajiyarsa, in akwai na'urar bin sawu ita ma tana zuƙa. Lafiyayyar mota kan sha tsakanin miliyamf 20 zuwa 50 tana ajiye (amf ma'aunin wutar da ake ja ne, miliyamf dubu ke yin amf ɗaya). Ɗauki 30: a yini da kwana ya zama amf 0.7, a wata biyu ya haura 40, alhali batirin irin motarka bai wuce amf 60 da 'yan kai ba. Ƙara da cewa batir na zubar da caji da kansa ko ba a jona masa komai ba, kuma zafi na gaggauta hakan. Ka san bazararmu, a Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40.

Je wurin mai gyaran waya ka aro mitar da yake gwada wuta da ita, irinta ce dai masu wayarin ke riƙewa. A juya ta zuwa DC 20, jan tsinke a kan batir mai alamar tarawa (+), baƙi a kan mai alamar ɗebewa (-). Cikakken batir zai nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya zube. Kafin ka yanke masa hukunci, dubi kawunansa. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari ko kore-kore ya lulluɓe su, wuta ba ta wucewa. Kwance na ɗebewa da farko, sannan na tarawa, ka wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, ka goge da tsohon buroshi har dalmar ta yi haske. Kanwa na kashe kaifin asid, shi ya sa kada ka bari ko ɗigo ya shiga cikin batirin.

Sai ka kai shi wurin mai cajin batir, ka ce a yi masa caji a hankali ya kwana. Amma in gaya maka gaskiya, batirin da ya yi watanni a zube da wuya ya dawo daidai, domin wani gishiri mai tauri kan daskare a jikin farantan dalmar da ke ciki, kuma caji ba ya narkar da shi duka. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka ɗora mita wani ya murɗa makulli. In lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa, batirin ya gama aiki.

In jona waya za ku yi da wata mota: ja a tarawar mataccen batir, ɗaya bakin a tarawar mai rai, baƙi a ɗebewar mai rai, bakin ƙarshe a jikin ƙarfen injin motarka, nesa da batir, saboda tartsatsi. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada ka yarda da dabarar nan ta a ɗora batirin aro a tayar da mota, a cire shi tana kunne a mayar da naka. A tsohuwar Peugeot 504 ana yi a kwana lafiya. A motarka kuwa, da zarar an zare batir inji na aiki, wutar altaneta, na'urar da ke cajin batir, kan yi tsalle, kuma birenbos ne zai ɗauki dukan. Kuɗinsa ya ninka na batir. In giyarka mai canza kanta ce, turi ma ba zai tayar da ita ba, kada yaran unguwa su sha wahalar banza.

Kafin duk wannan, buɗe bonet ka duba da idonka. Bara na je duba motar wani yayana da ta shekara a gefen rumbu. Ina ɗaga murfin gidan matatar iska wari ya buge ni: ɓawon gyaɗa, tsummokara, kashin ɓera, an yi sheƙa sosai. A bayan injin kuma wayoyi uku a gaigaye, jan tagulla a waje. An riga an sa shi sayen kik da fulogai, ba su ne matsalar ba. Mai wayarin ya haɗa wayoyin cikin rabin sa'a, mota ta tashi. Don haka duba wayoyi, zaro sandar baƙin mai ka ga matakinsa, leƙa ruwan lagireto, ka kuma duba bakin salansa, domin zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a nan.

Yaushe za a zargi kik? In mita ta nuna 12.6, kawunan batir tsaf, fitilu garau, amma ka ji ƙas sau ɗaya tak mai ƙarfi, injin bai motsa ba. In kuwa shiru ne gaba ɗaya, mayar da giya kan N ka sake gwadawa, sannan a duba fis. Bayan ta tashi, ɗora mita kuma: tsakanin 13.8 da 14.5 na nufin altaneta na caji.

Tambaya: Motar marigayi maigidana ce, Honda Accord 2005. Tun rasuwarsa ba a taɓa ta ba sai da aka gama rabon gado, shekara ɗaya da wata huɗu. Ɗana ya sa sabon batir, injin na juyawa sosai amma ba ya kamawa. Ya ce akwai abin da ake jonawa da waya ya faɗi ciwon mota. Da gaske ne ko damfara? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya albarkaci bayansa. Yaronki ya yi gaskiya, akwai na'urar. Amma kafin ita akwai gwajin da kunne kawai yake buƙata.

Tunda injin na juyawa, batir da kik sun fita daga zargi. Saura mai, wutar fulogi da iska. Yaron ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kawowa ya tsaya, ke kuma ki kasa kunne wajen kujerar baya. Ya kamata ki ji wani siririn kuka kamar na sauro na daƙiƙa biyu, famfon mai ke nan yana tura fetur. In shiru, ko fis ɗinsa ne, ko famfon ya ƙage saboda zama.

Fetur na lalacewa, abin da da yawa ba su sani ba ke nan. Bayan wata uku zuwa shida sassansa masu saurin kama wuta sun fara tashi, abin da ya rage ya yi duhu ya yi danƙo kamar ƙaro, ya toshe matata da nozul. Buɗe murfin tanki ki shinshina. In warin ya koma irin na tsohon fenti, a zuƙe shi duka a zuba sabo daga gidan mai, ba na 'yan bumburutu ba. Kada a riƙe makulli ana gurza kik fiye da daƙiƙa 10, a riƙa hutar da shi. Kuma kada ki bar kowa ya tsiyaya fetur ta bakin iska don ta kama, haka ake ƙona mota da fuskar mutum.

Na'urar kuwa ana kiranta ELM327, ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da ta fetur ta Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunanta OBD2. Nan ake cusa ta, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya lura, tsofaffin masu Bluetooth ba sa haɗuwa da ita, sai mai WiFi ko sabon samfuri. Za ta fito da lambobi: P0335 na nuni ga na'urar da ke gaya wa birenbos cewa inji na juyawa, P0230 layin famfon mai, P0562 ƙarancin wuta.

Abu biyu nake so ya riƙe. Na farko, tunda batir ya mutu an canza, mai yiwuwa tsofaffin lambobin sun goge, don haka rashin ganin lamba ba ya nufin lafiya lau. Na biyu, lamba layi take nunawa. P0335 na iya zama waya ce ɓera ya ci, na'urar kanta lafiyarta ƙalau. Dabarar da na fi amfana da ita ita ce kallon saurin juyawar inji a manhajar yayin da ake murɗa makulli. In ya nuna 150 ko 200, birenbos na ganin juyin, a koma kan mai da fulogi. In ya tsaya a sifili, a bi wannan layin. A kuma dubi dashbod: a Honda, in koren hoton makulli na ƙiftawa, motar ba ta gane makullin ba, kuma ba za ta saki mai ba. Da an gama a zare na'urar, domin kafar na da wuta ko mota na kashe.

Tambaya: Tawa ta danna maɓalli ce, bayan wata biyar ta rubuta cewa ba ta ga makulli ba. Daga ɗan kasuwa a Argungu.

Amsa: Alhaji, ɗan batirin cikin rimot ne, galibi CR2032, irin wanda ke riƙe agogon kwamfutar tebur. Kafin ka samo, taka birki ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin ka danna, yawancin motoci za su gane shi a haka. In dashbod ɗin ma da ƙyar yake haske, koma amsar farko.

Tambaya: Zan tafi kwas na wata shida, ƙanena ya ce zai riƙa tayar da ita minti biyar kowace Juma'a. Ya isa? Daga ma'aikacin lafiya a Yauri.

Amsa: Bai isa ba, ɗan'uwa. Minti biyar a tsaye da ƙyar yake mayar da wutar da kik ya ci, injin kuma bai yi zafin da zai kori danshi ba. Ko dai ya hau titi da ita na minti 30 duk mako biyu, ko ka kwance kan batir na ɗebewa ka bar ta. Ƙara wa tayoyi iska wurin mai faci. Kada ka ja hambirki, yakan manne, sa duwatsu a gaba da bayan taya. Kada a bar ko ƙwayar hatsi a ciki.

Tunda Yauri kake, bakin Neja, zaɓi tudu. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san inda ruwa ke iya kaiwa. In ka dawo ka ga alamar laka a ƙasan kujeru, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Zaro sandar baƙin mai ka duba. In ya koma kalar shayi mai madara, a jawo ta da igiya zuwa gareji, a juye man, a cire fulogai a fitar da ruwan kafin a jona batir.