Ina son aikin sa-kai a cibiyar ba da shawara, amma ina tsoron ɗaukar alhakin mutane

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makarantar firamare ce a Tudun Wadan Zariya. Wata ƙungiya a unguwarmu ta buɗe ƙaramin ofis inda take sauraron matsalolin jama'a kyauta, irin su rikicin haya, gado, aure, da waɗanda aka kama musu 'ya'ya, kuma an ba mu horon kwana uku domin mu fara aikin sa-kai. Ina son aikin, amma zuciyata ba ta kwanta ba, saboda ban karanta shari'a ba, ina tsoron in faɗa wa wani abin da zai kai shi ya baro shi, alhakinsa ya hau kaina. Kawuna ya ce kada in damu, aikin duka sulhu ne, duk abin da aka kawo a kira ɓangarorin biyu a ba su haƙuri. Shin haka ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wannan tsoro da kike ji shi ne abin da nake nema a wurin duk wanda ya zo yana son zama a teburin sauraron jama'a, domin wanda ya fi ba mu wahala a wannan aiki shi ne wanda ya yi horon kwana uku ya fito yana jin ya zama alƙali. Rashin karatun shari'a ba zai hana ki amfanar mutane ba, matuƙar kin san inda iyakarki ta tsaya. Yawancin waɗanda za su zauna a gabanki suna buƙatar wanda zai saurare su har ƙarshe, ya rubuta ranar da abu ya faru da sunan wanda ya shaida, ya duba rasit ko takardar yarjejeniyar da suka ƙulle a leda, sannan ya nuna musu ƙofar da ya kamata su ƙwanƙwasa.

Abubuwan da aka koya muku a horo sun isa ki faɗe su da gaba gaɗi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Zariya babu wanda zai ce kotu ta yi nisa. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne, mace tana iya tsaya wa mutum beli, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema, kamar yadda ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Abin da ya wuce irin wannan, ki miƙa shi ga lauyan da ke kula da cibiyarku, ko Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa, ko cibiyar taimakon shari'a ta tsangayar koyar da shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kada ki raba gado ko da kin haddace ƙa'idojin rabonsa, kada ki ce saki ya auku ko bai auku ba, kuma kada ki bari a riƙa kiran ki lauya kina shiru, domin doka ta ɗauki hakan laifi.

Maganar kawunki kuwa dole in daɗe a kanta, domin kusan kullum sai na ji ta, kuma na ga ɓarnar da take yi da idona. Ba na zarginsa da mugun nufi. Ya taso ne ya ga dattawa suna kashe wutar rikici a zaure, kuma gaskiya ne cewa sulhu ya fi shari'a a kan iyakar gona, kuɗin adashi, bashin kasuwa, mai gida da ɗan haya, da mafi yawan saɓanin ma'aurata. Ni kaina nakan roƙi mutane su sasanta a kan irin waɗannan, saboda shari'ar fili tana iya cin kuɗin da ya fi filin. Amma kalmar "duk" da ya saka a maganarsa ita ce haɗarin. Akwai abin da idan aka kawo miki, kiran ɓangare na biyu shi ne kuskure mafi muni da za ki yi, kuma a sahun gaba akwai fyaɗe, musamman na ƙananan yara, mata da maza.

Wata rana da hantsi wata uwa ta shigo mana riƙe da hannun 'yarta mai shekara tara. Yarinyar ba ta ce uffan ba, tana ta murɗa bakin hijabinta da yatsu, idan aka matsa kusa da ita sai ta ɓuya a bayan uwar. Abin ya faru kwana shida kafin nan, a shagon wani maƙwabci da aka aike ta sayen sikari. A daren da aka gane, an yi mata wanka da ruwan zafi, an wanke zaninta, an kira manyan unguwa, mutumin ya ce sharrin shaiɗan ne, 'yan'uwansa suka ba da kuɗin magani a ambulan, aka yi fatiha aka watse. Uwar ba ta zo wurinmu don ta kai ƙara ba. Ta zo ne saboda yarinyar ta kasa fitsari ba tare da kuka ba, kuma mutumin ya sake buɗe shagonsa, tana ganin yaran maƙwabta suna shiga. Ta ciro ambulan ɗin daga jakarta ta ajiye a kan teburina, ta ce ba ta taɓa ko sisi ba, ta rasa yadda za ta yi da shi. Cikin waɗanda suka zauna wancan zama har da wani matashi mai aikin sa-kai a wata ƙungiya, wanda ya yi imani da zuciya ɗaya cewa alheri ya yi.

Abin da waɗannan kwanaki shida suka cinye ba ya dawowa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan abu sai an fara shan sa cikin awa 72, sannan a ci gaba har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, ga wadda ta balaga, iyakarsa kwana biyar. Shaidar da likita zai gani a jiki da tufafi tana gushewa da wanka da wanki. Duk awar da aka ɓata ana neman mai unguwa, ana jiran kawu ya dawo daga kasuwa, ana cinikin nawa za a biya, daga cikin lafiyar yarinyar ake cire ta. Saboda haka idan irin wannan ya zo teburinki, aikinki na farko asibiti ne. Gwamnatin Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama na kula da waɗanda aka ci zarafinsu, ɗaya tana nan Zariya a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, kuma hidimarsu kyauta ce. Ki ce kada a yi wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta, a naɗe su a takarda mai tsabta domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Idan an riga an yi wankan, ko kwanakin sun wuce, duk da haka a je, domin akwai rauni da wasu cututtuka da za a yi wa magani, kuma rahoton likita yana da nauyi a kotu.

Ta fuskar doka, fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, iyaye ba su da ikon sayar da shi, mai unguwa ba shi da ikon yafe shi, ke ma ba ki da ikon sasanta shi. A watan Satumba na 2020 Jihar Kaduna ta yi wa dokarta ta laifuka ta 2017 gyara, inda ta tanadi dandaƙa da hukuncin kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Laifin da doka ta ɗauka da wannan girma, ta yaya za a rufe shi da ambulan da fatiha? Takardar da ake rubutawa a zaure, wai ɓangarori biyu sun yafe wa juna, ba ta hana hukuma gurfanar da mutum, sai dai ta jefa waɗanda suka sa hannu cikin zargin ɓoye laifi. Ki tuna da wannan duk ranar da aka miƙo miki biro aka ce ki sa hannu a matsayin shaida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake jingina wannan aiki da addini. Za a karanto miki cewa sulhu alheri ne, alhali ayar da ke Suratun Nisa'i tana magana ne a kan miji da mata da suka samu saɓani. Hadisin da ya halatta sulhu tsakanin Musulmi shi da kansa ya togace sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Kuma a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ɗansa ya yi zina da matar wanda ɗan yake yi wa aiki, sai uban ya fanshe shi da tumaki ɗari da baiwa. Da maganar ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar masa da tumakinsa da baiwarsa, aka zartar da hukunci. Wannan fa a kan abin da manya biyu suka aikata ne, ina ga yarinyar da aka danne? Masu cewa a rufa asiri su tambayi kansu asirin wa ake rufawa. Yarinyar dai unguwa ta riga ta sani, ana nuna ta da baki. Wanda ya amfana da rufin asirin shi ne mai shagon, wanda ya koyi cewa abin yana da farashi, kuma farashin bai fi ƙarfinsa ba.

Za a ce miki idan aka je kotu sunanta zai ɓaci ta rasa mijin aure, za a ce ɗan'uwa ne zumunci zai lalace, za a ce ƙaddara ce a bar wa Allah. Kada ki raina masu faɗin haka, domin tsoronsu na gaske ne, kuma uwar da ta kai ƙara takan sha gori daga dangin mijinta, wani lokaci har igiyar aurenta ta yi rawa. Akwai kuma gajiya da hukuma, wadda ni ma ba zan ɓoye ba. Na bi fayil ɗin da ya yi watanni a kan teburin wani ofis ana jiran sa hannu ɗaya, na ga an ɗage zama sau da dama saboda shaida bai samu kuɗin mota ba, na ga 'yan cuwa-cuwa a bakin ƙofa suna tare talaka suna ce masa sun san wani a ciki, ya kawo abin goro a gama masa yau. Irin wannan ne yake tura mutane zaure. Amma amsarsa ita ce a samu mutum irinki da zai raka uwar, ya rubuta ranar kowane zama, ya tuna wa lauya, ya sake komawa ofishin ya tambayi inda fayil ya kwana. Wannan rakiya ita ce mafi girman abin da mai aikin sa-kai yake bayarwa, kuma ba ta buƙatar digiri.

Haka abin yake ga matar da ta zo da karaya ko ƙuna daga dukan miji. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018. Kada ki kira mijin ki zaunar da su a benci ɗaya a ranar, domin duk abin da ta faɗa a gabanki, da shi za ta koma gida da dare. A fara da asibiti da wurin da za ta kwana lafiya, maganar gyaran aure ta biyo baya idan ita ta nema, a hannun waɗanda suka cancanta.

Sai amana. Zariya babban gari ne amma kowa ɗan'uwan kowa ne, wadda ta yi miki kuka da safe a Tudun Wada tana iya zama surukar ƙawarki a Kwarbai. Abin da kika ji a tebur ba ya zuwa ɗakin malamai, ba ya zuwa gidan biki, ba ya hawa WhatsApp ko da an ɓoye suna, kuma hoton yarinya ba ya hawa Facebook da sunan neman mata taimako. Idan wanda ake ƙara danginki ne, ki miƙa maganar ga wani tun kafin a buɗe ta.

Shawarata ki karɓi aikin. Amma kafin ranarki ta farko, ki tambayi shugaban ƙungiyar wane lauya ne yake duba aikinku kuma yaushe ake samunsa, sannan ki tambaye shi kai tsaye me ake yi idan aka kawo maganar fyaɗe. Idan ya amsa miki da irin amsar kawunki, ki nemi a gyara wannan kafin ki zauna a teburin. Ki kuma ɗauki rana guda ki hau Keke Napep zuwa Ƙofar Gayan, ki ga inda cibiyar Salama take a cikin asibitin, ki san kuɗin motar daga unguwarku, domin ranar da za ki buƙace ta ba za ki samu lokacin tambayar hanya ba. Shi kuwa kawu, ki same shi cikin ladabi bayan sallar la'asar, ki karanta masa labarin tumaki ɗarin nan, domin irinsa ne ake fara kira zaure idan abu ya faru a unguwa.